Kunkurun Baba: ina so in sauke gabanta a gida, wa ya taɓa yi?

Mai Kunkuru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana Volkswagen Beetle, wadda mu a gida kunkuru muke ce mata. Ta shekara tara a bayan gida ƙarƙashin darbejiya, har kaji sun mayar da kujerar baya wurin saka ƙwai. Bara na fito da ita, aka tayar da injin, aka sake wayoyi, aka yi birki, yanzu tana tafiya lafiya lau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsayuwarta. Gaban ya ɗaga sama kamar mai leƙen katanga, tsakanin taya da madigadi hannuna yana shiga har da sauran wuri. Na ga hotunan irinta na Kalifoniya, hancin ya sunkuya, bayan ya ɗan ɗaga, wallahi kyau kamar ka sace. Ina so in sauke gaban kamar inci uku, kuma da hannuna nake son yi, a gida, Asabar da Lahadi. Ina da jak, ina da sifanu, ina da maƙwabci mai walda. Amma na kwanta a ƙasa na leƙa, ban ga sifirin ɗin da zan yanke ba. Ta ina ake farawa?

Mai Fijo: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba aiki ba ne. Ka cire tayar, ka fito da sifirin, ka sa giranda ka datse zagaye ɗaya da rabi, ka mayar. Kafin la'asar ka gama.

Tsohon Bakanike: Mai Fijo, ka karanta abin da yaron ya rubuta kuwa? Ya ce bai ga sifirin ba, kuma gaskiya ya faɗa, babu shi. Kai 504 ka sani, ita ce mai naɗaɗɗen sifirin a gaba. Ko a kan 504 ɗin ma ban yarda da datsewar nan taka ba, amma wannan zancen wata rana ne.

Ɗana Mai Kunkuru, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Koma ƙarƙashin motar da tocila. A gaba can za ka ga bututun ƙarfe guda biyu kwance a gicciye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an haɗe su. Shi muke kira bim. A cikin kowane bututu akwai falle-fallen ƙarfe dogaye, an jera su kamar damin kara, sun bi bututun daga wannan baki zuwa wancan. A daidai tsakiya akwai ƙusa mai tsini da ta danne su don kada su juya. A kowane baki kuma an ɗaura hannu guda, hannuwa huɗu ke nan, su ne suke riƙe da tayoyin. Idan taya ta hau dutse, hannun ya ɗaga, sai ya murɗe fallayen nan, su kuma su turo shi ya dawo. Murɗewar nan ita ce sifirin ɗinka. Saboda haka tsawon gaban kunkuru yana ga inda tsakiyar nan ta fuskanta. Ka juya ta kaɗan, hannuwa su tashi sama, mota ta sauka.

Amma kafin mu je can, ni tambayata ɗaya ce: a wace hanya za ka tuƙa ta?

Mai Kunkuru: Na gode Baba, amin. Cikin gari ne kawai, sai ranar Juma'a in kai Hajiyarmu gidan 'yan uwa. Unguwarmu dai ba kwalta, sai an fita babban titi.

Tsohon Bakanike: To ka ba wa kanka amsa.

Uwar Biyu: Ni ban san sifana ba, amma na san wannan motar. Babanmu malamin makaranta ne, da bashin mota ya sayi tasa, haɗin Legas, lokacin da kamfanin Volkswagen ke haɗa su a Ojo. Mu bakwai muke shiga har da goyo. Da damina manyan motoci suna maƙalewa a hanyar ƙauyenmu, ita kuwa ta wuce abinta, saboda injin yana baya ya danne tayoyin baya, ƙasanta kuma a shafe yake, ga tsawo. Abin da ya sa iyayenmu suka so ta ke nan. Yanzu kai ɗan uwana ka zo za ka cire mata abin da ta fi kowa da shi don hoto. Motarka ce, amma raina bai so ba.

Ɗan Walda: Hajiya, zamani riga ne. Yaro ya fito da mota daga bakin kaji, ya kashe kuɗinsa ya raya ta, ai ya ci a bar shi ya yi mata kwalliyar da yake so. Da bai fito da ita ba, da yanzu 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli.

Malam Mai Kunkuru, na yi wannan aikin sau biyu, bari in gaya maka yadda yake. Da farko ka san wane irin gaba ne da kai, don iri biyu ne a masu bim. Tsofaffin suna da kimfin da fil-fil masu shan giris a inda hannuwa suka haɗu da taya, su ne ƙirar Jamus har zuwa 1965. Daga ƙirar 1966 aka koma boljoyin, wato gaɓa mai ƙwallon ƙarfe a wannan mahaɗin. Kada ka dogara da shekarar da ke takarda, domin ba duk ƙasashen da suka ƙera ta ba ne suka sauya lokaci guda, kuma a shekara arba'in da wani abu ba ka san abin da wani bakanike ya ɗaura mata ba. Ka duba da idonka. Idan saman shokazoba ya miƙe tsaye ya huda hasumiyar ƙarfen da ke bakin bim an ɗaure shi da noti daga sama, mai boljoyin ce. Ko ka sa tef ka auna tsakanin bututun biyu, tsakiya zuwa tsakiya: santimita 12 tsohon yayi ne, 15 mai boljoyin. Akwai kuma 1302 da 1303, masu kumburin bonet, waɗannan ba su da bim sam, naɗaɗɗen sifirin ne da su, nan ne kawai maganar Mai Fijo za ta samu wurin zama.

Mai Fijo: Ka ga ashe ban yi ƙarya ba.

Ɗan Walda: Ka yi gaskiya a kan motar da ba a tambaye ka ba.

Mai Kunkuru: Na fita na duba yanzu. Noti ne a sama, kuma tef ya ba ni 15. Mai boljoyin ce.

Direban Dogon Zango: Kafin a yi nisa bari in ba da nawa labarin, don na san akwai wanda zai zo ya ce maka a zare falle. Ni aka yi wa. Shekarun baya ina da irinta, wani bakanike ya ce mini ai abu ne mai sauƙi, ba walda ba yanka. Ya kwance hannuwan gefe guda, ya zaro wasu daga cikin siraran fallayen, ya mayar da sauran. Nan take gaban ya sauka, na ji daɗi, har na ƙara masa kuɗin goro. Ban fahimci abin da ya faru ba sai a hanya. Ba juya tsakiya aka yi ba, ƙarfin sifirin aka rage, motar ta zauna ne don gajiya. Ko ɗan ƙaramin rami na faɗa sai in ji ƙum a gaba, kamar an buga tabarya a turmi. Rannan mun ɗauko kayan ɗaurin aure, buhun shinkafa a gaba kusa da sifiya, mutum huɗu a ciki. Muka zo wani kwalbati mai ɗan tudu, ban ma yi gudu ba. Gaban ya nutse, tayar dama ta kama bakin madigadi ta naɗe shi ciki, ƙarfen ya yanka tayar kamar an sa wuƙa. A gefen hanya muka yi magariba. Da aka buɗe daga baya, ƙusar da ke danne fallayen ta sami wuri tana rawa, don damin ya rame, ta cinye bakin sauran. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A mai boljoyin falle goma ne a kowane bututu, ka bar su goma.

Na Damagaram: Ina gaida mutanen zaure. Mu nan Coccinelle ake ce mata. Wani a garinmu ya sauke tasa da buhunan yashi biyu a gaba, ba ruwansa da kile, wato sifana, ko walda. Ranar da ya gaji ya zubar da yashin.

Shugaban Zaure: Na Damagaram, Allah ya shirye ka. A ci gaba.

Ɗan Walda: To tunda mai boljoyin ce, ga hanyar da nake bi. Ana sayar da wani ɗan guntun bututu mai suna ajasta, guda biyu ake sa wa, ɗaya a kowane bututu. Aikinsa shi ne ya maye gurbin tsakiyar nan da ba ta motsi, ya zama kana iya kwance noti ka juya ta sama ko ƙasa yadda kake so, ka sake ɗaurewa. Akwai irin da ake yanke tsakiyar gaba ɗaya a liƙa sabuwa, akwai kuma irin da ake tsaga bututun, a saki abin da ke ciki, a liƙa faranti mai haƙora a waje. Duk manufa ɗaya ce.

Amma bim ɗin sai ya fito daga motar. Na nanata, sai ya fito. Tankin mai yana zaune ne a kansa daidai, ƙarƙashin bonet. Duk wanda ya ce maka zai kwanta a ƙasa ya yi walda a nan ba tare da an cire tanki ba, ka kore shi daga gidanku. Ka fara cire kan batir, yana ƙarƙashin kujerar baya. Ka zuƙe man, ka kwance ƙusoshi huɗu da suka riƙe tankin, ka cire tiyon da ke ƙasa, ka kai tankin can nesa da inda za a yi wuta. Da ka ɗauke shi za ka ga komai a fili: akwatin sitiyari a maƙale a bututun sama, tayrod biyu, wato sandunan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, da ɗan shokazoban sitiyari. Ka kwance haɗin sandar sitiyari, ka saki tayrod, ka cire tayoyi da durom da abin da suke kai. Bim ɗin kansa manyan ƙusoshi huɗu ne suka ɗaure shi da kan shasi, sai wasu biyu daga sama da suka haɗa shi da bodi. Ku zama ku biyu lokacin sauke shi, yana da nauyi.

A ƙasa sai ka cire hannuwan, ka zaro fallayen, ka ɗaure kowane dami da waya ka yi masa alama, na sama daban na ƙasa daban, kada su cakuɗe. Ka wanke giris ɗin cikin bututun tas, in ba haka ba wuta zai kama yana hayaƙi yana lalata waldar. Sannan babban sirrin: bututu ɗaya ake yankawa a lokaci guda. Ka yanke na sama, ka liƙa, ya huce, sannan ka taɓa na ƙasa. Idan ka yanke biyun tare bim ya rabu gida biyu, kuma ba za ka sake haɗa shi a miƙe ba sai da ma'auni na musamman. Ni ƙarfen kwana nake ɗaurewa a jikin bututun ya riƙe shi, in ɗiga walda nan da can, in zura fallayen in ga suna shiga ba gardama, sannan in zagaye.

Injiniyan Ƙauye: Oga Ɗan Walda, bayaninka ya yi, amma ban yarda cewa ita ce hanyar da ta dace da shi ba. Ka faɗi daɗin ajasta, ba ka faɗi abin da take ci ba. Idan ka juya tsakiya hannuwa suka tashi, ka cinye wani ɓangare na tazarar da aka ba taya ta yi sama. Inci uku da yake magana, daga cikin wannan tazarar za a ɗebe su. Shokazoba na asali zai zauna a matse, ya riƙa kaiwa ƙarshe, dole a nemo gajere. Boljoyin ma iyakar lanƙwasarsa gare shi, in an wuce ta sai ya riƙa cijewa, kuma boljoyin da ke cijewa wata rana fita yake yi. Shi ya sa masu wannan harka suke sayar da wani na daban mai doguwar tafiya. Ga tayrod da zai karkace, mota ta riƙa jan sitiyari da kanta duk lokacin da ta hau tudu.

Ni abin da zan ba shi shawara shi ne sifindil mai saukarwa. Sifindil shi ne ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Ana ƙera wani wanda aka matsar da sandar tayar sama da inci biyu da rabi. Ka cire na asali ka ɗaura shi, taya ta hau sama, mota ta sauka, amma hannuwa da fallaye da shokazoba duk suna nan inda Bajamushe ya ajiye su. Laushin tafiya bai canza ba. Ba yanka, ba walda, ba sauke bim. Ran da ya gaji ya mayar da na babansa.

Ɗan Walda: Injiniya, a ina zai samo shi? Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ce a ba ka sifindil mai saukarwa na kunkuru, ka ga kallon da za a yi maka. Sai an yi odarsa daga waje, da dala, ga kuɗin jirgi. Kuma ka manta ba ka ce yana turo taya waje kaɗan ba. Da faffaɗar taya mai faɗin milimita 165 sai ta riƙa shafar bakin madigadi in ya karya kwana. Sannan inci biyu da rabi ne, ba ragi ba ƙari. In ya yi masa yawa a lungunsu fa? Ajasta kuwa ko inci ɗaya yake so zai samu.

Injiniyan Ƙauye: Ita ajastar a bakin titi ake tsinta? Ita ma odarta ake yi.

Ɗan Walda: Ita ƙarama ce, aljihun jaka ma ya ishe ta, ko ɗan uwa mai dawowa daga tafiya zai riƙo maka. Kuma mai injin sassaƙa ƙarfe da ya san aikinsa zai iya fitar da ita in ya ga samfur.

Mai Fijo: To me zai hana a yanke sifindil ɗin nasa a ɗaga shi sama a liƙe da walda? Ga mai walda a maƙwabta.

Tsohon Bakanike: Kul. Kada in sake jin wannan a zauren nan. Ni da Ɗan Walda da Injiniya muna iya saɓawa a komai, amma ban da wannan. Wannan ƙarfen shi ke ɗauke da taya da birki gaba ɗaya. In waldar bim ta tsage, mota za ta zauna ƙasa ka ji a jikinka. In waldar sifindil ta tsage, tayar ce za ta wuce ka a guje kana kallonta.

Ɗan Walda: Gaskiya ne Baba. Ni mai walda ne, kuma ba zan yi ba ko nawa za a ba ni.

Uwar Biyu: Ni duk wannan Turancin ƙarfen ya wuce ni. Abu ɗaya na tsinta a maganar Injiniya: wata hanyar ana iya komawa, wata ba a iya komawa. Ɗan uwana, in dai sai ka yi, kada ka sa giranda a ƙarfen da babanka ya bari. Ba a samun wani tsohon bim ɗin a wurin masu kayan gwangwan? Ka yanka wancan, ka ajiye na gida a ɗaki. Wata rana ɗanka zai ce yana son ganinta yadda kakansa ya hau ta.

Tsohon Bakanike: Hajiya ta fi mu duka. An ƙera motar nan sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, kuma daga 1975 Legas ta yi ta fitar da su, ga Igala, wata motar Volkswagen 'yar uwarta. Gawarwakinsu suna nan a bayan gareji-gareji. Ka nemi mai boljoyin irin naka. Ka duba gindin hasumiyar shokazoba da kyau, nan ruwa yake kwanciya tsatsa ta ci ta daga ciki. Ka ƙwanƙwasa da guduma, in ka ji ƙarar gwangwani ka bar musu kayansu. Ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kan bututun, wanda ya taɓa cin karo ba ya ɓoyuwa.

Tunda na ga ka ƙudura, ga abin da ba wanda ya faɗa maka. Na ɗaya, jak ba ya riƙe mota, ɗaga ta kawai yake yi. Bulon siminti kuma ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. Ka samo ƙafafun ƙarfe ko gungumen katako mai kauri, ka sa a ƙarƙashin shasi bayan bim, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tare tayoyin baya. Na biyu, hannuwan nan a ɗame suke ko da taya tana lilo. In za ka fitar da boljoyin, ka tokare hannun ƙasa da jak, ka janye yatsunka. Na uku, notin da ke riƙe durom na gefen hagu, hagunce yake. Wanda bai sani ba yana ta ɗaure shi yana cewa ya ƙi kwancewa. Ta tsakiyar wannan sifindil ɗin na hagu kuma wayar mitar gudu ta bi, akwai ɗan zobe a kan murfin, ka cire shi a hankali kafin ka ja.

Mai Kunkuru: Baba, Allah ya ƙara girma. Hajiya, maganarki ta shige ni, ba zan yanka na Baba ba. Zan nemi wani bim ɗin in sa masa ajasta, don lungunmu ba zai ɗauki inci biyu da rabi na dole ba. Injiniya ka yi haƙuri.

Injiniyan Ƙauye: Ba komai, kuɗinka ne da bayanka. Amma ka riƙe wannan: kafin ka taɓa komai, ka ajiye motar a shafaffen siminti, ka auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi a tayoyi huɗu, ka rubuta. Kuma ka sayi shim na kasta tare da ajastar. Zan yi bayani in ka dawo kana kuka.

Na Damagaram: Yashin dai yana nan in abin ya gagara.

Mai Kunkuru: Salam 'yan zaure, na dawo bayan sati biyar. Asabar da Lahadin da na ce sun zama Asabar huɗu. Na samu bim a bayan wani gareji, na farko da aka nuna mini guduma ta huda hasumiyarsa, na biyun ya yi. Ajasta wani abokina ya riƙo mini. Maƙwabcina ya yi waldar bututu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Oga Ɗan Walda ya ce. Fallayen tsohon bim ɗin da muka zaro, giris ɗinsu ya daskare ya zama kamar kwalta, kwana biyu suna jiƙe a kananzir. Mayar da su cikin bututu shi ne ya fi ba ni wuya, da ka tura sai bakinsu ya baje ya ƙi shiga ramin tsakiya. A ƙarshe da zaren roba na ɗaure bakin, na ɗan goge kaifin gefen da fayil, sannan suka wuce.

Kuma Baba, ka faɗa mini zancen notin hagu, na karanta, na ce na gane. Da na zo wurin na manta sarai. Na kusa rabin awa ina hawa kan sifana, har na aika a kira mini yaro mai ƙarfi, sannan maganarka ta faɗo mini.

Na fara sauke ta inci uku cif kamar yadda na yi niyya. Kyau kam ta yi, yaran unguwa har hoto suka yi ta ɗauka. Amma ban kai bakin titi ba na ji ƙasan bim ya daki wani dutse da shekara da shekaru nake wucewa ta kansa ban san da shi ba. Da na hau kwalta na ɗan taka, sitiyarin ya yi sakayau a hannuna, motar tana yawo hagu da dama kamar akuyar da ta tsinke, in na karya kwana kuma ba ya dawowa da kansa. Injiniya, ga ni na dawo ina kuka.

Injiniyan Ƙauye: Madalla da mai cika alkawari. Dubi cokalin gaban keke, ai ba a tsaye yake cak ba, ya ɗan kwanta baya, shi ya sa kake iya sakin hannu keken ya tafi miƙe. Motarka ma haka aka yi mata, da 'yan digiri kaɗan. Da ka sunkuyar da hanci ka bar baya a sama, ka tuntsurar da shasin gaba, wannan kwanciyar ta ragu. Shim ɗin da na ce ka saya, lanƙwasasshen ƙarfe ne kamar ɓarin bututu. Ka sassauta ƙusoshi huɗun nan, ka zura shi tsakanin bututun ƙasa da kan shasi, ɗaya dama ɗaya hagu, ya turo ƙasan bim gaba. Ka duba tsawon ƙusoshin ƙasa, in zaren da ya rage bai isa ba ka sa dogaye masu ƙarfi irin na asali, ba na kasuwar ƙofa da taga ba. Bayan nan dole a sake saitin tayoyi, gabansu ya ɗan tsuke ciki kamar milimita uku. A wurin boljoyin na sama akwai wani noti mai ɗan tsagi, da shi ake daidaita kwanciyar taya, tsagin gaba yake kallo. Ka tabbata ba a juya shi baya ba wajen mayarwa.

Ɗan Walda: Kuma in za ka taɓa ajasta, ka ɗaga motar tukuna nauyi ya sauka daga kanta, ka juya ta sama da ta ƙasa daidai wa daida. In ɗaya ta fi ɗaya, dami ɗaya ne zai ɗauki kayan shi kaɗai.

Tsohon Bakanike: Fitila fa? Hanci ya sunkuya, hasken ma ya sunkuya. Ka fuskanci bango da dare ka gyara.

Mai Kunkuru: An yi duka jiya. Na sa shim, na ɗaga ta na bar ta a inci ɗaya da rabi, an yi saiti, sitiyari ya dawo hayyacinsa. Na sa taya 145 a gaba, ba ta taɓa madigadi ko na karya har ƙarshe. Shokazoban asali bai kai ƙarshe ba a wannan tsawon, na gwada a tudun rage gudu na bakin makarantar unguwarmu. Bim ɗin Baba na shafe shi da baƙin mai na naɗe a buhu, yana ɗakin ajiya. Yau na kai Hajiyarmu unguwa, har muka je muka dawo ba ta lura an yi wa motar komai ba, sai cewa ta yi wai me ya sa tayoyin gaba suka rame.

Uwar Biyu: Sati biyar da kuɗin oda, kuma mai motar ta asali ba ta gani ba.

Mai Fijo: Da 504 ce da tun la'asar ɗin farko an gama.

Mai Kunkuru: Saura matsala ɗaya. Dakalin ƙofar gidanmu yana shafar ƙasanta in zan shiga, sai na karkata na shiga da taya ɗaya-ɗaya. Oga Ɗan Walda, in ƙara ɗaga ta rabin inci ne, ko in kira magini ya fasa dakalin?

Na Damagaram: Kira magini. In ya rage yashi ka ajiye mini.